Tsofaffin Gangunan Turawa: Gyara Da Kiɗa Ya Kamace Su

Daga Wakilinmu

A cikin watan Disamba na shekarar 2015 aka yi wani gwanjo a ƙasar Amurka inda aka sayar da waɗansu tsofaffin ganguna guda uku a kan kuɗi fiye da dala miliyan 2. Da katako da ƙarfe da roba aka yi su, kamar sauran dubban 'yan uwansu da kamfanin Ludwig na birnin Shikago ya ƙera. Abin da ya ɗaga darajarsu shi ne mai su, watau Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar nan ta Ingila da ake kira Beatles, wanda ya saye su a 1963 ya yi wasa da su har sau fiye da 200. Wanda ya yi nasara a gwanjon kuwa wani attajiri ne mai suna Jim Irsay, mai ƙungiyar ƙwallo ta Indianapolis Colts, wanda ya rasu a 2025.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai wasan masu kuɗi ne, ina ruwan biri da gada. To, da sauƙi in da abin ya tsaya a wurin attajirai. Gangunan da ake magana a kansu su ne irin jerin nan da mutum ɗaya yake zama a tsakiya ya kaɗa da hannu biyu da ƙafa biyu: babbar ganga a ƙasa wadda ake bugawa da feda, da ƙarama mai zaga ta waya a gindinta, da 'yan matsakaita biyu ko uku, sa'an nan da farantan tagulla a bisa sanduna. Irinsu sun shigo ƙasar nan tun zamanin mulkin Turawa, sun yi aiki a wurin 'yan badujala na soja da 'yan sanda, da gidajen rediyo, da otal-otal, da majami'u, da makarantun kwana. Da yawa daga cikinsu suna nan jibge a sito, gara tana ci, tsatsa tana ci. Ra'ayina a kansu shi ne a fito da su, a yi musu gyara daidai gwargwadon abin da zai sa su yi sauti, kana a ba masu kiɗa su kaɗa. Wanda ya kulle su cikin gilashi ya rage musu amfani, wanda ya mai da su sababbi fil ya ɓata su, wanda kuwa ya auna wa ɗan gwangwan ya fi kowa ɓarna.

Kafin a yi nisa ya kamata a san asalin abin. A ƙarshen ƙarni na 19, a ƙungiyoyin badujala na Amurka, kowace ganga da mai kaɗa ta, farantai ma da nasu mutum. Da aka koma wasa a cikin ƙananan ɗakunan rawa da gidajen wasan kwaikwayo, sai ya zama babu wurin zaman mutum uku, babu kuma kuɗin biyansu. Dole aka nemi dabarar da mutum ɗaya zai yi aikin duka. An yi ta gwada fedoji iri-iri na katako masu nauyi, har a 1909 William F. Ludwig ya yi rajistar wata feda mai sauƙi da sauri, wadda ta karɓu. Kamfanin Gretsch ya riga shi kafuwa, tun 1883 a unguwar Burukilin ta Niyok. A Ingila kuma aka kafa Premier a 1922. Farantan tagulla sun girme su duka nesa ba kusa ba, domin gidan Zildjian ya fara ƙera su a birnin Santambul tun 1623, kafin wani reshe na zuriyar ya buɗe masana'anta a jihar Masacusets a 1929. Siffar jerin da muka sani yau ta daidaita ne wajen 1936, lokacin da kamfanin Slingerland ya yi wa shahararren makaɗi Gene Krupa matsakaitan ganguna waɗanda ake iya ɗaure fatarsu sama da ƙasa da noti.

Kowane zamani ya bar alamarsa a jikin ganga, kuma wannan ne ya sa masu tara su suke karanta ta kamar littafi. Alal misali, a 1942, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Amurka ta hana a sa ƙarfe fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin kayan kiɗa, saboda ana bukatar ƙarfen wajen ƙera makamai. Sai kamfanoni suka koma sassaƙa maɗauran noti da katako. Wanda ya ga gangar Slingerland da ake kira Rolling Bomber, da maɗauranta na katako, ya ga yadda yaƙi ya shiga har cikin ɗakin rawa. Haka nan bayan da Beatles suka fito a talabijin na Amurka ranar 9 ga Fabrairu, 1964, mutum kimanin miliyan 73 suna kallo, da sunan Ludwig ɓaro-ɓaro a goshin babbar ganga, masana'antar ta koma aiki dare da rana don biyan bukatar samari. Wannan ya nuna cewa gangunan Ludwig na waɗannan shekaru suna da yawa a duniya, ba kowace ce ta cancanci a yi mata tsaron taska ba.

Me ya sa makaɗa suke neman tsofaffin, alhali kuwa sababbin da ake yi a Japan da Taiwan da Sin sun fi su ƙarfin sanduna da daidaiton aiki? Amsar tana cikin kangon. Yawancin gangunan Amurka na shekarun 1940 zuwa 1960 an yi kangonsu da falle uku na siririn katako, sa'an nan aka ƙarfafa bakin da zobe na wani katako mai tauri. Bakin da fata take hawa a kansa kuma a dunƙule yake, ba mai kaifi ba kamar na yanzu. Saboda haka sautinsu yana da kauri da taushi, ba ya tsawaita ƙara. Wani abin lura a nan shi ne, katakon mahogani na Afirka da waɗansu kamfanonin suka yi amfani da shi, har da Premier, ɗan uwa ne ga maɗacin nan da muke sha wa inuwa a bakin hanyoyinmu. Watau itacen ya fita daga yammacin Afirka gungume, ya komo mana ganga.

Masu tara tsofaffin ganguna a Amurka da Turai sun yi aikin da ya kamata a yaba musu. Sun tattara littattafan tallan kamfanoni, sun bi lambobin da ke jikin tambarin kowace ganga, sun gane cewa tambarin Ludwig ya sake kama wajen 1969, na Gretsch mai da'ira kuma ya ƙare a farkon shekarun 1970. Suna da baje koli na shekara-shekara a yankin Shikago tun 1991. Ba don su ba, da an manta da yawa daga cikin wannan ilmi. Amma akwai wata cuta da take kama mai tarawa in ya yi nisa. Sai ya fara ƙidaya ganga da kuɗin da za ta kawo, ya hana kowa taɓa ta, ya ajiye jeri ashirin ko talatin a ɗaki mai sanyi, shekara da shekaru ba wanda ya ji muryarsu. Hujjarsa ita ce kowane bugu yana rage wani abu, kuma ba za a ce ƙarya yake yi ba, domin gula tana ƙuje baki, fenti yana gogewa, noti yana cinyewa. Na yarda akwai 'yan kaɗan da ya kamata a hutar, irin waɗanda suka rage guda ɗaya ko biyu a duniya, ko waɗanda katakonsu ya riga ya gaji. Sauran fa? Charlie Watts, makaɗin ƙungiyar Rolling Stones wanda ya rasu a 2021, yana cikin manyan masu tara tsofaffin ganguna, amma duk da haka ya shekara da yawa yana hawa dandali gaban dubban mutane da wata Gretsch ta shekarun 1950. Ba ta lalace ba, domin ya san yadda ake riƙe ta.

Mai gyaran da ya wuce gona da iri ya fi mai kullewa haɗari, kuma irinsa ne muka fi yawa a nan. Mutum ne mai kyakkyawar niyya. Ya ga tsohuwar ganga ta yi ja, sai ya ɓare rigar robar da ke jikinta, ya bi ta da samfefa, ya fesa mata fentin mota, ya huda sababbin ramuka ya ɗaura sanduna na zamani. In ya gama sai ta yi ƙyalli kamar amarya, amma ba ita ba ce kuma. Lambar kwanan wata da masana'anta ta buga a cikin kangon ta tafi, bakin ya sake siffa, sautin ya sake. A kasuwar masu tarawa rami ɗaya da ba na asali ba yana karya farashi ƙwarai, balle sake riga. Ko a ajiye batun kuɗi gefe, wanda ya yi haka ya shafe shaida.

Gyara na gaskiya haƙuri ya fi bukata bisa kayan aiki. Da farko a ɗauki hoton gangar ta kowane gefe, a rubuta duk wata lamba ko rubutu da ke ciki. A kwance ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, a zuba kowane rukuni a jakarsa, ko noti guda kada a yar, domin na tsofaffin Premier ma kansu daban yake, tsaga ce da shi irin ta sukurudireba, ba kusurwa huɗu ba. A auna faɗin kangon ta wurare da dama a ga ko ya kauce daga da'ira. A kife shi a kan gilashi mai lebur, a sa fitila a ciki. Duk inda haske ya ɓullo ta ƙasa, nan bakin ya lotsa. In zoben ciki ya saki, a sa gam na katako a matse shi ya kwana. Ƙarfe mai tsatsa a jiƙa shi da kananzir a goge da tsumma, a yi hattara da soson ƙarfe mai kaushi. Rigar nan mai walƙiya kamar lu'ulu'u da ke jikin gangunan da, a kiyaye ta daga wuta da zafin rana, gama waɗansunta an yi su ne da irin robar tsohon fim na silima, wadda take kamawa kamar fetur. In ta yi ja saboda shekaru, a bar ta da janta. Abin da tilas ne a sake shi, kamar fata ko waya ko matashin feda, a sake, amma a ajiye tsohon a ɗaure tare da gangar domin wanda zai gaje ta.

Farantan tagulla su ne suka fi shiga haɗari a ƙasar nan, saboda ɗan gwangwan ya san nauyin jan ƙarfe ko bai san kiɗa ba. Nagari a cikinsu an yi su da gami na jan ƙarfe kashi 80 da kuza kashi 20, aka yi ta dukansu da guduma. Waɗanda aka ƙera da hannu a Santambul masu alamar harafin K, kafin a rufe masana'antar can a ƙarshen shekarun 1970, makaɗan jaz suna nemansu ruwa a jallo, guda ɗaya yana iya kai dubban daloli. A wurin mai sikeli kuwa kilo biyu ne na tagulla, ba ƙari. Faranti in ya tsage, kuskure ne a kai shi wurin mai walda, domin zafin wuta yana kashe ƙarfen, sautin ya mutu. Abin da masana suke yi shi ne su huda ɗan ƙaramin rami a daidai ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, ko su yanke wurin. Baƙin da ya hau kansa ma yawancin makaɗa ba su son a goge, sun ce yana tausasa amo.

Wajen fata ne nake ganin mun fi Turawa abin yi a hannu. Har zuwa tsakiyar shekarun 1950, da fatar maraƙi ake rufe waɗannan ganguna. Fata kuwa tana bin yanayi: da danshi ta saki, da bushewa ta ɗaure. Makaɗan Amurka na shekarun 1920 har ƙwan lantarki suke sa wa cikin babbar ganga don ɗumi ya hana ta saki. A 1956 da 1957 Chick Evans da Remo Belli suka fito da fata ta roba wadda ba ta kula da ruwa ko rana, cikin 'yan shekaru ta kori ta maraƙi daga kasuwa. Yanzu mai son jin ainihin muryar gangar 1940 sai ya nemi fatar dabba, kuma masu iya jiƙa ta su naɗe ta a kan zobe sun yi ƙaranci a can. A nan fa? Kowane mai haɗa kalangu ko gangar noma ya san zaɓen fata, ya san kankare gashi, ya san yadda damina take sassauta ta da yadda hunturu yake ɗaure ta har ta fashe in ba a sassauta ba. Masu sana'ar fata na Ƙofar Wambai a Kano da na Sakkwato ba su bukatar wani ya koya musu halin fatar maraƙi ko ta akuya. Wannan yana da amfani ta wani fannin kuma, domin waɗansu gangunan Premier da aka yi kafin ƙarshen shekarun 1960 faɗinsu ya ɗan saɓa wa awon inci da duniya ta daidaita a kai, fatar roba ta kanti ba ta shiga. Wanda bai sani ba sai ya ce gangar ta lalace ya yar, alhali mai haɗa kalangu zai iya yanka mata fata daidai bakinta. Haka kuma maƙeran Panteka a Kaduna, ko na Kasuwar Katako a Yamai, waɗanda suke zuba tukwane da kayan mota, ba za su kasa zuba maɗaurin noti guda da ya karye ba in an ba su samfuri.

Mu ma ai muna da namu tsarin na riƙon tsohuwar ganga tun kafin zuwan Turawa. Tamburan da ke fadojin sarakunanmu waɗansunsu sun ga sarakuna da yawa. Fatar bijimin da ke kansu an sake ta ba adadi, amma kangon yana nan, kuma ba wanda ya taɓa cewa tambarin ya zama jabu don an sake masa fata. Ba a kuma taɓa jin an ce a daina buga shi ran naɗin sarauta ko daren salla don kada ya gaji ba. Akwai mai kula da shi, Sarkin Tambura, wanda ya gaji sanin yadda ake ajiye shi da lokacin da ake fito da shi. Wannan tsari, watau a kiyaye jiki, a sake abin da yake cinyewa, a ɗora wa mutum guda alhakin kulawa, a kuma buga a lokacin da ya dace, shi ne daidai abin da gangunan Turawa suke bukata.

Na san akwai masu cewa wannan kayan baƙi ne, in za a kashe ƙoƙari a kashe wa kotso da taushi da kurya. Lalle namu na gargajiya su ne a gaba, ba gardama. Amma abin da ya shekara kusan ɗari a hannun 'yan ƙasa ya wuce a kira shi baƙo. Tony Allen, haifaffen Legas a 1940, ya zauna a bayan irin wannan jeri tare da Fela Kuti daga 1964 zuwa 1979, ya fitar da wani salon kiɗa wanda ba a taɓa ji a Amurka ko Ingila ba, har makaɗan can suka koma suna koyo daga gare shi kafin rasuwarsa a Faris a 2020. Ginger Baker, wanda ake lissafa shi cikin manyan makaɗan Ingila, ya ratso Sahara da mota a 1971 ya zo Legas neman wannan ilmi, ya kuma buɗe ɗakin ɗaukar faifai a Ikeja a 1973. A Gana akwai Guy Warren, wanda daga baya ya koma Kofi Ghanaba. A Arewa ma ba a bar mu a baya ba: marigayi Bala Miller ya yi tashe da ƙungiyarsa a Kaduna da shirinsa na talabijin, akwai Sahara All Stars a Jos, da Elcados a Kano. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙungiyoyi tana da mai jerin ganguna. Tambayar da ya kamata hukumomin al'adu su yi wa kansu ita ce, ina gangunan suke yanzu?

Doka ba ta taimaka sosai ba. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta fi mai da hankali ga aikin hannu na asalin ƙasa wanda aka yi kafin 1918, ko wanda aka yi amfani da shi a bukukuwan gargajiya. Gangar da aka ƙera a Ingila a 1962, ko da ita aka yi kiɗan da ya zaga duniya, ba ta shiga wannan ma'auni. Saboda haka mai sito yana iya rubuta ta cikin kayan da suka mutu, a haɗa ta da karyayyun kujeru a yi gwanjo, ba wanda ya karya doka. Dillalan da suka kwashe tsofaffin fayafayan garmaho na ƙasar nan zuwa Turai a shekarun baya, ana sayar musu da araha suna sayarwa da tsada, sun riga sun nuna mana yadda irin wannan ciniki yake ƙarewa.

Wani kuma zai ce ana fama da tsadar abinci wa yake ta ganga. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a gina sabon gida ko a ware miliyoyi ba. Gyaran jeri guda ta hanyar da na bayyana bai wuce kuɗin gam da kananzir da fata da ladan mai aiki ba, ya kuwa fi sauƙi bisa sayen sabo daga waje da kuɗin musaya na yanzu. Makarantar da take da tsohon jeri a sito, ta kuma rubuta takardar neman sabo, ta yi asara sau biyu.

Abin da ya fi gaggawa shi ne ƙidaya. Hukumomin al'adu na jihohi su rubuta wa gidajen rediyo da talabijin, da rundunonin badujala, da tsofaffin makarantu da otal-otal na gwamnati, su nemi a duba sito a rubuta abin da aka samu: sunan kamfani, da lambar tambari, da faɗin kowace ganga, da rubutun da ke jikin kowane faranti. A hana gwanjon irin waɗannan kaya sai wani masani ya gani. Waɗanda suke da labari na musamman a kai su gidan tarihi kamar Gidan Makama a Kano ko na Jos, da sharaɗin a riƙa fito da su ana kaɗawa a ranakun da aka sanya. Sauran a gyara a ba sassan koyar da kiɗa na kwalejojin ilmi aro, da sunan malami guda wanda zai sa hannu ya karɓa. Sa'an nan a nemi tsofaffin makaɗan da suka yi aiki da su a shekarun 1960 da 1970, a zaunar da kowannensu a gaban jerinsa, a ɗauki muryarsa da hotonsa yana faɗin wanda ya sayo su, da wuraren da aka je da su, da irin ɗaurin da yake yi wa fata kafin wasa. Waɗannan dattawa duk sun manyanta yanzu, saboda haka da su ya kamata a fara, kafin a gama ƙidayar sito.